Ruwan Bayan Nergis

"Wallahi in kika taka jirgin nan, ko ɗigo ba zan zuba a bayanki ba!"

Nergis ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifiyarta. "Mama, mijina ne fa! Ke kika ba shi ni..."

"Na ba shi ke, ban ba teku ba!"

A ƙauyen Simena da ke bakin teku ba a barin matafiyi ya juya baya sai uwa ta kwara ruwa a bayansa, don ya je lafiya ya dawo lafiya. Ranar da Bora, yayan Nergis, ya fita teku, uwar tana fushi da shi, ta ƙi zubawa. Har yau bai dawo ba. Tsohuwar ta san 'yarta na tsoron tafiya haka, shi ya sa ta kafe.

Angon, Ediz, yana jira a jirginsa mai filafilai, cike da baƙi 'yan yawon buɗe ido da zai zagaya da su ƙauyuka da kufai har ƙarshen bazara.

"Masoyiyata, iska na juyawa," ya ce a hankali. "In kin zauna ba zan riƙe ki a rai ba."

Nergis ta miƙe ta shiga jirgin. "Kwance igiyar, Ediz... kwance kafin in fasa!"

Jirgi ya ja. Nergis ta kafe ido a gaɓa, babu kowa. Kuka ya ƙwace mata.

"Ba ta zo ba! Haka Bora ya tafi... Ediz, mu koma, don Allah!"

"Tsaya! Dubi can!"

Ga tsohuwa nan tana gangarowa da gudu, ba takalmi, ɗankwali a wuya, buta a hannu. A matakala ta ƙarshe ta yi tuntuɓe, ruwan ya zube tas.

Ko kakkaɓe jiki ba ta yi ba. Ta faɗa tekun da ta rantse ba za ta ƙara taɓawa ba, har ƙugu, kusa da wani tsohon kabarin dutse da ke tsaye cikin ruwa. Ta cika butar ta watsa a bayan jirgin.

"Wannan naki ne, mai taurin kai! Ki dawo mini!"

"Zan dawo, Mama!"

Ta sake cikawa. Wannan karon a hankali ta zuba.

"Wannan kuma na Bora ne..."