Jan Ɗigo a Taswirar Farfesa

Ranar Litinin da hantsi aka bugo wa Sufeto waya daga jami'a, wai an yi sata a sashen binciken kayan tarihi. Ya tambayi abin da aka ɗauka, aka ce masa takarda ɗaya. Saura kaɗan ya tura Kofur shi kaɗai, amma muryar matar da ta kira tana rawa, shi kuwa Sufeto, duk da girman jikinsa da ɗaure fuskarsa, mutum ne mai saurin tausayi.

Ofishin yana hawa na biyu. Manyan allunan kwamfuta biyu a kan tebur, farantai cike da fasassun tukwane, kowane tsingaro da lambarsa. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa kwamfuta ba. Farfesa, gajeruwar dattijuwa mai tabarau a goshi, ta nuna masa wata doguwar durowa da ke buɗe wayam.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Shekara ashirin da biyu tana duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama. Inda ƙasa ta binne tsohuwar ganuwa, ciyawar wurin ce ke riga sauran bushewa, sai zoben ya fito a hoto. Da haka ta gano wani tsohon gari da ba wanda ya san da shi. Ranar Alhamis hukumar kula da kayan tarihi za ta sa hannu a killace wurin, a sa masu gadi. Taswirar da aka sace ita ce hoton garin. Rabonta da ganinta tun ranar Juma'a da yamma.

"In masu tonon sata suka riga mu, Sufeto, kwana biyu sun ishe su. Abin da ya yi shekara ɗari bakwai a kwance za su watsar da shi."

"Ina wurin yake, ranki ya daɗe? Sai in tura mutanena."

"Ko kai ba zan gaya wa ba sai Alhamis."

Sufeto bai ji haushi ba, hasali ma sai ta burge shi. Ya tambaye ta su wa ke da mabuɗin ofishin ban da ita, ta ce su uku ne: mai buga taswira, da Dakta mataimakinta, da Sakataren sashen.

Da mai buga taswira ya fara. Mutumin ya rantse ranar Asabar yana gida bai leƙa ko ƙofa ba. Sufeto ya ajiye masa littafin masu gadin ƙofar jami'a, ga sunansa nan da ƙarfe tara na safe.

Nan take mutumin ya sauya magana. Ya ce katin bikin ƙanwarsa ya zo bugawa da injin sashen, guda ɗari biyu, don Allah kada Farfesa ta ji. Don ya wanke kansa, ya ƙara da cewa da ya shiga sito neman takarda ya ga babu diga da shebur.

"Me kuma aka ɗauka a siton?"

"Shi ke nan, yallaɓai. Ƙananan cokulan tono da burushi duk suna nan. Abin ya ba ni mamaki, don ɗan sana'armu da su yake tono. Diga ai na sare ciyayi ne da kafa tanti."

Sufeto ya rubuta wannan, ya kuma ce a ajiye masa kati ɗaya.

Sufeto ya sami Dakta a aji yana goge allo. Da ya ji ana zarginsa sai ya yi dariya har yana dafa bango. Ya ce in da shi ne, me zai kai shi ɗaukar takarda, ai kallo ɗaya zai yi mata ya riƙe zoben a kansa. Daga nan ya faɗi wata ɗabi'a ta Farfesa da duk wanda ya zauna a ajinta ya sani: ba ta taɓa sa alama a kan ainihin wuri. Kowace taswira ta buga, sai ta ɗiga jan ɗigo babba a wani wuri can daban, saboda ɓarayi. Mai ido ya bi zobe, marar ido ya bi ɗigo.

"Ke nan in ɗalibinta ne ya sata, garin ya tafi."

"Ya tafi, yallaɓai. Abin da ke hana ta cin abinci ke nan."

Sakatare kuwa sabon zuwa ne, watansa huɗu, ɗan gayu mai ƙamshin turare. Shi ya buga wasiƙar da aka aika wa hukuma, wadda ta yi maganar kaburbura da duwatsun ado. Sufeto ya tarar da shi yana buga takarda da yatsa biyu, tafin hannayensa duka a naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Ruwan zafi ne, yallaɓai. Butar shayi ta kife mini."

"Sannu. Buɗe in gani, ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, na ɗan koyi abubuwa."

Ya kwance da ƙyar. Bororo ne a jere a gindin kowane yatsa, wasu sun fashe. Sufeto ɗan manomi ne, ya san wannan ciwon tun yana yaro, kuma bai taɓa ganin butar shayi mai ƙota ba. Ya yi masa fatan samun sauƙi. Sakatare ya ce dama gobe da jibi zai nemi hutun asibiti.

Ranar Talata da rana sabon hoton tauraron ya sauka a kwamfutar Farfesa. Ta sa Sufeto ya juya baya, ta duba garinta, ta sauke numfashi: ko ramin ɓera babu. Amma hankalinta bai kwanta ba, don saura kwana biyu.

"Ranki ya daɗe, tun jiya zobe kike gadi. Duba mini wurin jan ɗigon."

Ta sauko da tabaraunta, ta ja hoton gefe. Ga baƙin tabo nan zagaye, da tsibin sabuwar ƙasa a gefensa. Ta kalle shi, ta sake kallo, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Sufeto ya ɗauka kuka take yi. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

"Gonar mijina ce. Na rasa inda zan sa ɗigon da ba zai cuci kowa ba, sai na sa shi a kusurwar da yake ta mitar yana son rijiya."

Maigidan nata tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya ya tare a gona, inda waya ba ta kamawa, sai ƙarshen wata yake leƙo gida.

Laraba da sassafe suka kama hanya, Sufeto da Kofur da Farfesa. Tafiyar awa biyu ce. Tun daga shingen gonar suka hango dattijon zaune a kan kujerar roba a bakin rami, riƙe da igiya, yana jawo bokitin laka cikin nishaɗi.

"A'a, Farfesa da kanki? Allah ya saka miki da alheri. Shekara shida ina roƙo, ashe kina sane. Yaron nan da kika turo akwai himma, sai dai ba ya son hira."

Ya ce tun Asabar ya gan shi yana tono da takarda a hannu, ya gane taswirar matarsa ce, sai ya kawo masa tsani da ruwan sha. Duk sanda ya ga ya karaya, sai ya ce masa ya daure, abin da ake nema yana ƙasa kaɗan.

Sufeto ya leƙa. Can ƙasa, zurfin gaba uku, ga Sakatare tsaye cikin ruwa har gwiwa, laka har gira, turare ya zama labari.

"Fito, malam. Asibitin ya isa haka."

Ya hau tsanin yana makyarkyata. Bai wahalar da kowa ba. Ya ce wani dillalin kayan gargajiya ne ya yi masa alkawarin mota in ya kawo duwatsun adon, ya faɗi sunansa da shagonsa. Ya ce da ya ga dattijon yana taimaka masa, ya ɗauka shi ma rabo yake jira. Taswirar tana cikin jakarsa a naɗe, ba ta ko jiƙe ba.

Farfesa ta karɓe ta, ta buɗe a kan motar. Zoben garin yana nan a kusurwar hagu, ƙuru-ƙuru, kwana huɗu a hannun ɓarawo bai gan shi ba. Ta rungume takardar a ƙirji, hawayen farin ciki suka zubo mata, ba ta kuma ɓoye su ba.

Sai a lokacin maigidan ya fahimci abin da ake ciki. Ya roƙi Sufeto, in da hali, a bar yaron ya ƙarasa gyara bakin rijiyar kafin a tafi da shi. Sufeto ya ce doka ba ta tanadi haka ba, amma sai da ya juya baya ya gama dariyarsa. Kofur ya sa wa Sakatare ankwa a hankali saboda bororon, ya shigar da shi mota.

Ranar Alhamis aka sa hannu, masu gadi suka kama aiki. Da yamma Sufeto ya biya ta ofishin don ta sa hannu a rahotonsa, ya tarar da maigidan ya shigo gari da galan ɗin ruwan sabuwar rijiya, yana zuba wa kowa a kofi. Farfesa na kan kwamfuta, ta fara duba wani sabon yanki.

Dattijon ya miƙa wa Sufeto kofi, sannan ya sunkuya kusa da matarsa ya rage murya.

"In kin zo sa ɗigon wannan, ki sa shi bayan itatuwan lemo. Nan nake son kududdufin kifi."