Garin Da Na Sani Ta Bayan Kafaɗarsa

"Kina ina yanzu?"

Muryar Yaya ta fito daga wayar kamar yana tsaye a kaina.

"Yawon buɗe ido, Yaya."

"Ke kaɗai? A garin mutane?"

"Ni kaɗai..."

Ina zaune a kan matattakalar gidan tarihi, takalmina ɗaya a hannu, dunduniyata ta yi ja ta tashi. Ni da nake liƙa wa marasa lafiya filasta kullum, yau ga ni ina liƙa wa kaina.

"To saurara. Gobe in kin sauka amsa nake so. Likita ya gaji da jira, ni ma na gaji da ba shi haƙuri. Ba dole zan yi miki ba, amma ki daina ja wa bawan Allah rai!"

Ya kashe wayarsa.

Asibitin da nake aikin jinya ne ya turo ni kwas a wannan babban birni, yau kaɗai ce ranar hutuna, gobe jirgi. Abokan tafiyata sun tafi sayayya, ni kuwa na ce gari zan gani. Tun safe nake gani. Na bi dogon layi na hau hasumiyar agogo, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni inda ban aike shi ba, na tsaya gaban zane-zanen mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakar kakata ina gyaɗa kai kamar na gane wani abu.

Ƙarya nake wa kaina, kuma na sani.

Ba gari na fito gani ba. Magini na fito nema.

Haka nake kiransa, tun yana jin haushi har ya saba. Aikinsa gyaran tsofaffin gine-gine, shi ya kawo shi garin nan. Da tuni mun yi aure, sai Yaya, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ya ce ƙanwarsa ba za ta ƙare a hannun birkila ba ga abokinsa Likita yana so. Na yi kuka, na yi gaba da abinci, Yaya ya fara saukowa. Ana cikin haka Likita ya zo taro garin nan, ya koma da labari: wai ya hango Magini daga nesa a bakin titi, da mace a gefensa, da jariri a kafaɗa.

A ranar na goge lambarsa, na canza layi. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani.

Amma zuciyar ce dai ta hana ni ce wa Likita eh.

Na mayar da takalmin na miƙe. Garin kuwa kyakkyawa ne, ba zan ci amanarsa ba. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan kogi, ƙananan jiragen ruwa suna wucewa a hankali kamar ba su da wurin zuwa. Wani tsoho yana goga abin kiɗansa a bakin gada, tantabaru sun kewaye shi. Ko'ina mutane biyu-biyu. Ni kaɗai ce ke ɗaukar kaina hoto, hannu a miƙe, rabin fuskata a waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na ɗauka na san garin nan. Kullum da safe, in Magini zai tafi aiki, yakan kira ni ta bidiyo, mu taka tare tun daga gindin hasumiyar agogo har wurin aikinsa. Na haddace hanyar: hasumiya, gada, shagon furanni, wata koriyar ƙofa mai kan zaki. Yau na fara daga hasumiyar, na ƙetare gadar, sai komai ya zama baƙo. Na zaga, na dawo, na sake zagawa. Na tambayi ɗan sanda da hannu da ido, ya amsa mini da yarensa mai daɗi, na yi godiya ban fahimci ko kalma ɗaya ba.

"Shi ke nan," na ce wa kaina a fili. "Ki koma masauki, ki ce wa Likita eh, ki huta."

Hawaye ya cika mini ido. Daidai nan iska ta taso daga kogi ta fizge mini mayafi, na juya da sauri na cafke shi.

Sai na tsaya cak.

Ga hasumiyar can, ta leƙo tsakanin dogayen gidaje biyu. Ga fitilar titi mai lanƙwasasshen wuya. Ga baranda mai jajayen furanni. Wallahi na san wurin nan! Na san shi kamar tsakar gidanmu!

Muryar Magini ta dawo mini.

"Bari in juya kyamarar ki ga gari, Malama Nas."

"A'a. Fuskarka nake son gani, garin ya jira."

"Kullum fuskata? Ba ta gundure ki ba?"

"In ta gundure ni zan faɗa maka."

Bai taɓa juya kyamarar ba, ko sau ɗaya. Yana tafe yana kallona, ni kuma ina ganin abin da ya wuce ya bari a baya. Ashe duk garin nan ta bayan kafaɗarsa na san shi. Wuni guda ina kallon gaba, alhali abin da na sani yana bayana.

Na fashe da dariya ni kaɗai a tsakiyar titi.

Daga nan na ci gaba da tafiya, in taka kaɗan in waiwaya, in taka kaɗan in waiwaya. Wata mata ta janye jakarta daga kusa da ni. Ban damu ba. Ga shagon furannin, na wuce shi ɗazu ban gane ba domin allon sunansa ɗaya gefen yake kallo. Ga koriyar ƙofa. Ciwon ƙafar ma na manta da shi, ji nake kamar cikin mafarki nake tafiya, irin mafarkin da kake tsoron wani ya tashe ka.

Sai ƙarar guduma, ƙwas... ƙwas... ƙwas...

Tsohon gini ne, an kewaye shi da ƙarafan da magina ke hawa. Can sama wani mai hular kwano ya ba ni baya. Ba sai an faɗa mini ba.

"Magini!"

Gudumar ta tsaya.

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, sai ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ya sauko a hankali, farar ƙura ta rufe shi har gira, ya rame, ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Malama Nas... ko in ce matar Likita?"

"Matar wa?"

"Ai na yi miki murna. A zuciya dai, tunda kin rufe layi."

"Ni za ka yi wa murna? Ina matarka? Ina jaririn?"

Ya kalle ni kamar na yi masa yaren garin.

"Wace mata? Ni da muke cunkushe a ɗaki ɗaya da abokan aiki, in mutum ya juya sai ya nemi izini?"

"Likita ya ce ya hango ka..."

"Hango ni? Ni na tarbe shi! Ni na zaga da shi gari, ni na raka shi filin jirgi. A can ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kin amince da shi, kunyar faɗa mini kike ji. Da na samu ƙarfin halin kiran ki in ji daga bakinki, layi a kashe."

Ya cire rigar aikinsa ta sama ya shimfiɗa a kan wani dutse, na zauna.

"Ban amince ba," na ce. "Ban taɓa amincewa ba."

"Sake faɗa..."

"Ka ji ai."

"Don Allah, abar ƙaunata. Na daɗe ban ji abu mai daɗi ba."

"Ban amince ba! Kai nake so, kai kaɗai, ko da ƙurar taka!"

Ya ɗaga kai sama yana sauke numfashi. Abokan aikinsa suka leƙo daga saman ginin, ɗaya ya yi fito, ya kore su da hannu.

Na ciro waya na kira Yaya tun kafin tsoro ya dawo mini. Na zayyana masa komai, ina yi ina haɗiye kuka.

"Maganar banza," in ji Yaya. "Likita ya ce ko gaisawa ba su yi ba. Ba ni birkilan."

Magini ya goge hannunsa a wando, ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa kamar Yaya na ganinsa.

"Barka da yamma, Yaya... Eh, ni ne... Wallahi mun haɗu da Likita. Ni na ja masa jaka, wata baƙa babba. Tayarta ɗaya ta cire a tashar jirgin ƙasa, na ɗaure ta da jar waya irin ta wurin aikinmu."



Na san jakar. Ta Yaya ce, aro Likita ya yi. Tana nan a kan durowar ɗakinsa da jar wayarta, har Yaya ya yaba wa Likita, ya ce ashe ya iya gyara.

Magini ya miƙo mini wayar. Na kara a kunne, ina jin numfashin Yaya. Bai iya ba da haƙuri ba, tun muna yara. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Auta..."

"Na'am, Yaya."

"Kin ci abinci kuwa?"

"A'a."

"To ki ci." Sannan ya faɗi sauran a gurguje, ya kashe.

Magini ya durƙusa a gabana, idonsa cikin nawa.

"Me ya ce? Zuciyata, kada ki ɓoye mini, me ya ce?"

"Ya ce ka wanke hannunka, ka zo da manyanka."

Ya dubi hannayen nasa, farare fat da ƙura, duk sun tsattsage. Na zaci dariya zai yi. Sai kawai ya kifa fuskarsa a cikinsu, kafaɗunsa suka fara rawa. Da ya ɗago, hawaye ya zana masa layi biyu a cikin ƙurar.

"Ga shi na fara wankewa," ya ce.