Fadan da Suka Bari a Bakin Titi

"Fada? Yanzu kake son Fada?" Dama, ogan 'yan fashin, ya tofar da jan miyau na buai, goron ƙasar, ta taga, ya waiwayi wanda ke kwance a baya. "Ai ka gan shi ɗazu. Kai ka fasa masa baki da gindin bindiga."

Kaupa ne ke tuƙi. A kujerar baya ƙaninsa Waim na kwance, hannu dafe da ciki, jini na bin ƙasan motar.

Motar mishan ce. Da rana tsaka suka tare ta a hawan hanyar garin Kundiawa. Sun jefar da Fada Apa, limamin cocin, a bakin titi, sai wani ɗan sanda da ke biye a motar haya ya sakar musu harsashi. Guda ɗaya, ya zaɓi Waim.

"Yaya," in ji Waim da ƙyar, "kar in mutu ban furta zunubina ba."

"Furta mini," in ji Dama. "Ni ma na taɓa riƙe kyandir a coci."

"Oga, rufe bakinka," in ji Kaupa.

"Ni? To waliyyi, juya. 'Yan sanda na can sun shimfiɗa maka tabarma."

Tun Ista mahaifiyarsu ke korar Waim zuwa wurin Fada, yana cewa sai an gama wannan aikin. Ga shi an gama.

Kaupa ya taka birki, ya murɗa sitiyari — tayoyi suka yi ƙara!

Fada Apa na nan inda suka yar da shi, mata masu sayar da dankali suna goge masa fuska. Ɗan sandan ya tafi kiran 'yan'uwansa. Da matan suka gane motar, suka watse.

Kaupa ya sauko da ƙaninsa kan ciyawa. Bai miƙe ba ya ji injin ya tashi. Dama ya tafi da motar, da bindigogin, har da takalman Waim.

Fada ya dubi Waim, wanda ya doke shi. Ya rarrafo, ya kai kunne bakinsa.

"Matsa can," ya ce wa Kaupa. "Wannan ba naka ba ne."

Kaupa ya matsa. Jiniya na hawowa daga kwari. Ga daji a bayansa, bai shiga ba. Leɓɓan Waim na motsi, suna motsi, suka tsaya.

Fada ya ɗaga hannu zai yi masa addu'ar gafara, ya dakata. Ta cikin karyayyun haƙora ya ce wa Waim, "Ɗana, ka yi nadama?"