Wa Ya Ɗauke Notin Malam Nomau?

A wani zamani an yi wani Malam Nomau mai tsohuwar mota, wadda ba ya yarda kowa ya taɓa sai shi. Ran nan ya kwance taya, ya zo mayarwa, noti ɗaya ya ɓace, ga kasuwa na jira.

Ya dubi maƙwabcinsa ya ce, "Kai ne!" Ya dubi matarsa Tabawa ya ce, "Ke ce!" Har kaza sai da ya harara.

Tabawa ta ce, "Maigida, zauna ka huta mana."

"In huta? Ni da aka yi wa sata?"

Ya cire hula zai share gumi, sai ga noti ya faɗo, ƙwal!

Ya tsince shi ya ce, "To, wa ya sa min a hula?"