Kujerar Tsakiya

Ranar da Asger ya fara shiga shagon Vagn Thorup, yayyafi ake yi irin na garinmu Viborg, wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf, ba ya kuma barinsa ya bushe. Ya jingine kekensa, ya shigo da wani tsohon faifai a ƙarƙashin rigar ruwa. Solvej, 'yar Vagn tilo, tana durƙushe tana jona waya a bayan wata lasifika mai tsayin mutum.

"So nake in ji wannan," in ji shi. "Na marigayiya mahaifiyata ne."

Ta kai shi ɗakin sauraro. Duk mai son sauti a garin nan ya san ɗakin: lasifiku biyu da Vagn ya ƙera da hannunsa, allon kallon fim, da kujera ɗaya tal a tsakiya, wadda ya auna wa wuri shekara arba'in da suka wuce. Ba a matsar da ita. Asger kuwa ya kama ta, ya juya ta gefe, ya zauna abinsa.

"Kai! Ka san abin da ka taɓa kuwa?" in ji Solvej.

"Kujera mana." Ya nuna kunnensa na hagu. "Wannan ya mutu tun ina ɗan shekara tara. Da na daman nake lallaɓawa."

Ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Da waƙar ta fara sai ya cire takalmi, ya ɗora ƙafafunsa a kan katakon daɓen, ya lumshe ido. Shi kafinta ne, in ji shi, abin da kunne ya rasa katako yana gaya masa. Solvej ta manta da faifan, ta tsaya kallon mai faifan.

Bai sayi komai ba, amma da yamma saƙonsa ya shigo: "Lasifikunku na da daɗi. Muryar mai jona wayar ta fi."

Ta mayar masa: "Da kunne ɗaya ka gano haka?"

"Da biyu ne ai da ban kai gida ba, Sol ɗina."

Daga nan fa sai kullum. In suna tafiya bakin tafki, a damansa take tsayawa, har ya zame mata jiki.

Da maganar aure ta taso, Vagn ya tubure. A wajensa lasifika biyu ake yi saboda kunne biyu, kuma ba zai bar wa mai rabin ji 'yarsa da shagonsa ba. Abin da ya fi ci wa Solvej rai shi ne, duk lokacin da zai yi wa Asger magana sai ya zagaya ta hagunsa, ya yi ƙasa da murya, don yaron ya yi ta cewa "Me ka ce?" a gaban mutane.

Shi Vagn yana da nasa ɗan takarar, Troels, mai tallata masa kaya a Copenhagen. Mutum ne da in ya fara siffanta sauti sai ka rantse miya yake ɗanɗanawa.

Wata Lahadi bayan an sha kofi a gidan Vagn, Asger ya tafi gida bai yi sallama ba. Saƙonsa ya biyo baya: "Ba zan raba ki da mahaifinki ba. Wataƙila gaskiyarsa ce."

Solvej ta karanta, ranta ya ɓaci. Ta rubuta: "Kafintana, ban ba ka izinin ja da baya ba. Asabar ƙarfe biyu za a gwada sababbin lasifiku. Ka zo da safa mai tsabta."

Ranar Asabar Vagn ya fara zama a kujerar, kamar yadda aka saba. Aka sa goge da ganga, sannan aka sa wani fim, wajen da hadari ya haɗu a teku. Ya gyaɗa kai cikin ƙasaita, ya tashi ya ba Troels wuri.

"Vagn, wannan karon ka wuce kanka!" in ji Troels. "Ji faɗin sautin! Kamar bangon ɗakin ya ɓace."

Asger ya zo, ya juya kujerar, ya cire takalmi. Tsawar fim ɗin ta faɗo, ya ɗaure fuska. Ya tashi ya dafa akwatin wannan lasifikar, ya dafa na waccan.

"Tsawar ba ta iso ƙasa ba," ya ce. "Kowace lasifika tana aikinta, amma faɗa suke yi. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja."

Vagn ya zagayo ta hagunsa ya yi ƙus-ƙus, Troels ya tuntsire da dariya.

"Baba, faɗa da ƙarfi ya ji," in ji Solvej. "Ko kuwa leƙa bayan lasifikar hagu tukuna."

Tsohon ya durƙusa ya leƙa. Jar waya na ramin baƙa, baƙa na ramin ja. Kuskuren da ko sabon ma'aikaci ya yi sai ya sha faɗa.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Ni ce, kuma da gangan." Solvej ba ta sunkuyar da kai ba. "Troels bai ji ba, don shi bakinsa ke sauraro. Kai ma ba ka ji ba, Baba. Shekara uku ke nan ni nake daidaita maka kowace lasifika kafin ta fita, ina cewa kai ne. Ban taɓa raina ka don kunnenka ya gaji ba. Don me za ka raina shi? Shi zan aura. Da kai a cocin nake so, amma ko ba ka zo ba za a ɗaura."

Troels ya tuna yana da jirgin ƙasa da zai kama.

Vagn ya daɗe a durƙushe. Da hannunsa ya mayar da wayoyin, ya sake sa fim ɗin. Sannan ya zauna a ƙasa, ya kwance igiyar takalminsa, ya miƙe da safa kawai. Tsawar ta faɗo, ta ratsa katakon har cikin gwiwoyinsa. Idonsa ya ciko, don rabonsa da jin aikinsa haka ya manta.

Ya fita kicin, ya jawo wata kujerar, ya ajiye ta kusa da ta tsakiya, a dama, ta wajen kunnen Asger mai ji.

A watan Yuni aka ɗaura auren. Wajen liyafa abokan ango suka ɗaga shi sama suka datse masa bakin safa da almakashi kamar yadda al'adar bikinmu take, Solvej na dariya har da hawaye. Da aka sauke shi, sai ga Vagn ya nufo shi ta hagu, kamar yadda ƙafarsa ta saba. Solvej ta daina dariya.

Tsohon ya tsaya cak. Ya zagaya ta bayan ango a hankali, a gaban kowa, har ya iso kunnen dama.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana," ya ce. "Ka ji ni?"

"Na ji ka sarai," in ji Asger.