Agogon Japan a Zauren Baba Grema

Ranar da Meram ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Sun leƙo daga ƙarƙashin injin famfon sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, wata murya kuma tana roƙon a miƙo mata sifana. Layin jarkoki ya kai har bakin tantin likita inda take aikin jinya, kwana biyu ke nan tana wanke rauni da ruwan da take aunawa da kofin shayi.

"Malam, yau za mu sha ruwa ko sai jibi?"

Ya jawo jiki ya fito, baƙin mai a goshinsa. Ya ɗaga ido ya dube ta, sai ya manta abin da ya fito nema. Ita kuma ta yi saurin gyara mayafi.

"In Majo za ta riƙe mini fitila, kafin la'asar."

Ta ce ita ba majo ba ce, wato shugabar masu jinya, ƙaramar ma'aikaciya ce. Ya ce a wurinsa ta zama. Ta riƙe masa fitilar, ruwa ya zo kafin la'asar, shi kuma ya tafi da lambar salularta.

Harisu ke nan, ɗan Damagaram, mai gyaran rijiyoyin burtsatse a wata ƙungiyar agaji. Wata bakwai suna soyayyarsu a cikin Diffa, garin da aka hana hawa babur, aka hana fita da dare, kowa yana kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Shi yana ce mata Majo, ita tana ce masa Mai Ruwa. Da maganar ta isa kunnen mahaifinta, Baba Grema, sai bayan kwana uku ya yanka rana: yaron ya zo ya gaishe shi, Litinin ta farko bayan Mauludi, da la'asar.

Ana cikin haka aka tura Harisu fomasiyo, wato ƙarin horo, ƙasar Japan, wata biyu. Jirginsa na dawowa zai sauke shi Diffa ranar Lahadi, ana gobe gaisuwa.

Meram ta rubuta masa: "Mai Ruwa, tsakaninmu awa takwas ne. La'asar ɗinmu tsakar darenku ce. Jikinka ba zai san ya dawo ba sai ya yi mako. Bari in roƙi Hajja ta sa Baba ya ɗaga ranar."

Amsa ta zo: "Majona, ranar da babba ya yanka ba yaro ke ɗaga ta ba. Ko a kan gadon likita nake sai na zo. Na ƙosa in ga idanunki."

Ta rungume salular, amma hankalinta bai kwanta ba.

Ranar Litinin ta laɓe a bayan labulen zaure. Harisu ya shigo cikin farar shadda, ya rame, idanunsa jajur, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Baba Grema ya soma magana a hankali, da Hausarsa mai karin Barebari, yana ba shi labarin garinsu na wajen Toumour, da gonar tattasai da ya bari a bakin kogin Komadugu, da ɗansa na fari, Abdulmumin, wanda aka kashe a ƙofar gida daren da mutanen daji suka ƙetaro. Labari ne da ko Meram ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Tana kallo kan Harisu ya soma sunkuyawa. Ya ɗago, ya mintsini cinyarsa. Ya sake sunkuyawa. A daidai inda Baba ya ambaci sunan mamacin, kan ya jingina da bango, numfashi ya sauya.

Baba Grema ya katse labarin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki sandarsa ya shige gida, ya wuce Meram kamar bai gan ta ba.

Da ma a nan abin ya tsaya, da sauƙi.

Ranar Alhamis Sallau ya yi sallama. Mai shago ne a unguwar, ɗan kwamitin sa ido, kuma shekara biyu yana aiko wa Meram turare tana mayarwa. Ya zauna ya ce shi ba don komai ya zo ba sai don amana. Baƙon nan da ke haya a bayan shagonsa yini yake yana barci, ƙofa a rufe. Dare na rabawa sai ya hau soro, haske a hannunsa yana ɗagawa sama, fuskarsa wajen kogi, yana magana ƙasa-ƙasa. Dare huɗu a jere. Kwamiti zai kai sunaye wurin jandarma ranar Litinin da safe, ya ga bai dace a rubuta surukin Baba ba tare da Baba ya sani ba.

Meram na bayan labule tana ji. Kowa a Diffa ya san ma'anar sunan mutum ya hau wannan takarda. Mota ce za ta zo, a yi yamma da shi zuwa kurkuku, wani shekara uku, wani har yau shiru.

Ta durƙusa gaban mahaifinta hawaye na zuba. Ta yi masa bayanin yadda rana ke riga fitowa a can, yadda jiki ke da nasa agogon, yadda duk wanda ya yi doguwar tafiyar jirgi yake dawowa dare ya zame masa rana. Ta ce soro kuwa rezo yake nema don salularsa ta kama, abokan karatunsa ne ke tambayar ko ya sauka lafiya. Ta ce fasfonsa na nan da hatimi.

"Fasfo ya nuna inda ya je," in ji Baba. "Bai nuna abin da yake yi a kan soro ba. Meram, ɗan ƙanena Abbakar haka ya soma. Barci da rana, ido biyu da dare. Muka ce ƙuruciya ce, muka yi shiru. Shi ya nuna musu ƙofarmu. Na rantse ba zan sake yin shiru ba, ko a kan wa."

Hajja, mahaifiyar Meram, wadda ke tankaɗe a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba: ai mai gidan da kansa shekara uku ke nan bai runtsa da dare ba, yana zaure da rediyo da butar shayi, ya yini yana gyangyaɗi a kan tabarma, kuma ba wanda ya kai sunansa ko'ina. Tun da shi ba ya barci, me zai hana ya sa yaron a gabansa ya gani da idonsa?

Baba ya harare ta, amma bai musa ba. Bayan magariba ya yanke hukunci. Harisu zai kwana a zaurensa Juma'a, Asabar da Lahadi, salularsa a aljihun Baba. Da rana zai bi shi ɗan filin da yake nomawa a gefen gari. Wanda ya yini yana ban ruwa, in dare ya yi bai yi barci ba, to akwai abin da yake jira. In haka ta kasance, shi da kansa zai raka Sallau.

Meram ta shige ɗaki ta rubuta wa Harisu:

"Mai Ruwa, yanzu kai majinyacina ne, ka bi dokata. Ba barcin rana ko na ƙiftawar ido. Ba shayi daga azahar. Da la'asar, lokacin da barci zai danne ka, kar ka shiga inuwa, ka tsaya cikin rana ka ɗaga fuska, hasken yamma ne zai ja agogonka baya. Ka ci tuwo lokacin da muke ci ko ba ka jin yunwa. In ka farka cikin dare kar ka tashi. Don Allah. Ba ni da kowa in aka tafi da kai."

"Na ji, Majona. Kunyar abin da na yi wa Baba ta fi tsoron jandarma ci mini rai. Ki yafe mini, ke kin faɗa."

Daren farko bai yi kyau ba. Da safe Baba ya shigo alwala fuska a murtuke, ya ce wa Hajja yaron ya faɗi kamar gawa bayan isha'i, ƙarfe ɗaya kuma ya ga idonsa tar a cikin duhu har asuba.

Meram ta kasa cin komai. Ranar Asabar da la'asar ta ɗauki kwanon abinci ta bi su gona, ta wuce shingen sojoji tana nuna katinta. Daga nesa ta hango shi tsakiyar kunyoyin tattasai, laka har gwiwa, yana layi kamar mashayi, fartanya na neman kuɓuce masa. Can ƙetaren ruwa dajin ya yi tsit. Ya tsoma kansa cikin kwatar ban ruwa, ya ɗago, ya juya fuska wajen rana kamar yadda ta ce. Baba na zaune a kan kunya yana kallonsa, shi ma yau bai samu damar gyangyaɗi ba, don mai gadi ba ya barci. Da suka dawo gida ya nemi butar shayinsa, Hajja ta ce ta ba maƙwabta aro, ta yi wa Meram wani kallo.

Ranar Lahadi da hantsi, da aka miƙa wa Harisu salularsa, saƙo ya shigo:

"Jiya sai ƙarfe uku na farka. Na rufe ido na yi lamo kamar mai barci. Baba ya ce, ‘Yaro, na san numfashin mai barci, daina wahalar da kanka.’ Na ce gaskiya ne, idona biyu. Na roƙe shi ya ƙarasa mini labarin Yaya Abdulmumin daga inda na ci amanarsa. Sai ya ƙarasa. Majo, ashe a wannan zauren ba wanda ya taɓa kwana tare da shi. Amma bai ce ya yarda da ni ba. Saura yau."

Da yamma Sallau ya biyo ta ƙofar gida yana tambayar lafiyar baƙo, ya tuna wa Baba cewa ƙarfe takwas za su tafi.

Meram ta kwana kan sallaya. Ba ta ji motsi daga zaure ba, ba rediyo, ba tari, kuma shirun ya fi komai ba ta tsoro. Aka kira assalatu. Ta jira ƙarar butar alwalar Baba, wadda kullum ke riga ladan, ba ta ji ba. Aka tayar da salla a masallaci, aka idar. Gari ya soma haske. Zuciyarta ta ba ta cewa an zo cikin dare an tafi da su duka biyu.

Ta kama hannun Hajja suka nufi zaure, ta ɗaga labule.

Harisu na kwance rub da ciki, hannu ɗaya ya sauka daga tabarma, yana minshari. Kusa da shi Baba Grema ya zame daga jikin bango, hularsa ta faɗi, carbi a kan ƙirji, baki a ɗan buɗe, yana barcin da rabonsa da shi tun daren Toumour. Bargonsa kuwa yana kan Harisu.

Hajja ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Meram ba ta san ko dariya take ko kuka ba.

Sallamar Sallau ce ta tashe su. Baba ya buɗe ido, ya dubi hasken da ke ƙofa, ya yi salati, ya dubi wanda ke kwance. Sallau ya tsaya da takarda a hannu yana cewa lokaci ya yi.

"Ka je kai kaɗai," in ji Baba. "Ka gaya wa kwamiti ni Grema na yi gadinsa dare uku, sunansa a wuyana yake. In kuma masu kwana ido biyu kake rubutawa, ka soma da ni, ka bi da kanka, tun da dare huɗu kana leƙen soron mutane."

Sallau ya naɗe takardarsa ya fita ba sallama.

Baba ya taɓa Harisu da sanda. "Tashi, ɗan Japan, ka sa na makara salla. Minsharinka kamar injin ban ruwa. In mun idar ka kira kawunnanka na Damagaram, ka ce ina jiran su."

An ɗaura aure bayan tsinkar tattasai, lokacin da kowane fili a bakin gari ya yi ja da shanya. An yi komai da rana saboda doka, mata sun yi lalle, ƙamshin turaren wuta ya cika unguwa. Da la'asar aka kawo ango ya yi gaisuwa a zauren nan dai, Baba ya ce a yi maza a ba shi shayi mai ƙarfi kafin ya jingina da bango. Zaure ya ɗauki dariya, Harisu ya rufe fuska da hannun riga.

Sannan tsohon ya kira Meram, ya haɗa hannunta da na mijinta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah Ya sa ku kwanta tare ku tashi tare, ba mai gadin wani. Allah Ya dawo mana da dararen da muka sani a bakin kogin nan."

Aka shafa. A cikin motar kai amarya salular Meram ta yi motsi a ƙarƙashin lulluɓi.

"Majona, ƙarfe nawa ne a wurinki?"

Ta share hawaye da bayan hannu ta rubuta: "Daidai da naka, Mai Ruwa."