Tsagar da Ta Wuce Liƙi

Dare ya yi nisa, ƙafa ta ɗauke, mai gyaran gilashi yana ja wa shagonsa ƙofa, sai ga wata mota ta gangaro, ba fitila, ba ƙarar inji. Direban bai fito ba.

"Kawu, taimaka ka liƙe min tsagar nan. Ba na ganin hanya."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Mai gilashi ya haska tocila a gilashin gaban motar, ya goge wurin, ya ɗiga gam, amma gam ya ƙi shiga. Ya shafa da yatsa, ya ji waje sumul. Ashe ta ciki gilashin ya fashe, zagaye kamar gurbin goshi, ga silin gashi maƙale. Jikin motar sanyi ƙalau.

"Ɗana, wannan ya wuce liƙi. Sai dai sabo."

"Haka na ce maka ran Talata, Kawu. Ka ce zai kai ni gida."

Mai gilashi ya ɗaga hasken zuwa kujerar direba. Abin da ya gani hular ɗan ƙanwarsa ce, wadda tun jiya uwar ke rungume da ita a wurin zaman makoki.